Maiduguri Tsibiri Ce A Kan Tudu: Lacca Game Da Gonakin Hasken Rana

Wannan shi ne matanin laccar da aka shirya domin 'yan Arewa mazauna biranen Kudu, a kan matsalar wutar lantarki a Maiduguri, da abin da ƙasashen da ke tsakiyar teku suka yi da hasken rana.



Duk ɗan Arewan da neman abinci ya kawo shi Kurmi, ko yana Agege ne ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anaca, ko Fatakwal, ya san cewa jikinsa ne kaɗai a nan, amma hankalinsa yana gida. A ƙarshen kowane wata akwai abin da yake aikawa. Wanda iyalinsa ke Maiduguri kuwa ya san cewa a 'yan shekarun nan wani babban kashi na wannan aike ba ya shiga tukunya, ba ya kuma zuwa makaranta. Fetur ɗin janareto yake tafiya, da kuɗin ruwan 'yan garuwa, da kuɗin cajin waya, da ƙanƙara a watan azumi. Saboda haka zancen wutar Maiduguri zancen aljihun mazaunin Kudu ne, shi ya sa ya dace a zauna a tattauna shi a nan.

Abin da wannan lacca za ta nuna abu ɗaya ne. Ta fuskar wutar lantarki, Maiduguri daidai take da tsibiri, ko da yake babu teku kusa da ita. Ya kamata ke nan ta yi irin dabarar mutanen tsibiri, watau ta samar da wutarta a bakin ƙofarta, daga ranar da ke dukanta kullum, ta kuma koyi darasi daga nasarorinsu da kurakuransu.

Yadda Gari Ya Zama Tsibiri

Kusan dukkan wutar da Nijeriya ke sha daga wuri biyu take fitowa. Akwai madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, akwai kuma tashoshin iskar gas, waɗanda mafi yawansu suna Kudu, kamar Egbin ta Ikko da Afam ta Jihar Ribas. Abin da ake rarrabawa ga jama'ar ƙasa sama da miliyan 200 yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Domin a fahimci wannan ma'auni, megawat ɗaya kilowat 1,000 ne, ɗan ƙaramin janareton nan kuwa na masu aski da masu cajin waya bai cika kilowat ɗaya ba.

Kafin wannan wuta ta isa Barno sai ta bi ta Jos, ta wuce Gombe, ta ratsa Damaturu, sa'an nan ta bi turakun ƙarfe da ke gefen hanyar Benisheikh da Mainok da Jakana, tafiyar kilomita 130 ko kusan haka, ta sauka a tashar Molai. Maiduguri ita ce ƙarshen igiya. Duk abin da ya sami igiyar a ko'ina, ita ce ke fara jin jiki, ita ce kuma ta ƙarshe wajen samun sauƙi.

An ga haka ƙuru-ƙuru a watan Janairu na 2021, sa'ad da 'yan ta'adda suka fasa wasu turakun babban layin da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri. Ma'aikatan kamfanin jigilar wuta na ƙasa, watau TCN, suka shiga daji da rakiyar soja suka yi gyara, har aka maido da wuta a ƙarshen watan Maris. Ba a yi mako guda ba aka sake fasa wasu turakun. Haka babban birnin jiha, mai jami'a da asibitin koyarwa da ɗimbin 'yan gudun hijira, ya zauna cikin duhu kusan shekara guda cur. Masu walda suka rufe runfuna, teloli suka koma keken ƙafa, masu injin niƙa suka ƙara kuɗi, rijiyoyin burtsatse da yawa suka tsaya, farashin jarkar ruwa ya tashi.

Domin magance wannan ne kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya gina tashar gaggawa mai aiki da iskar gas, wadda aka tsara a kan megawat 50, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta ran 2 ga Maris, 2023. Aiki ne da ya cancanci yabo, gama ya nuna cewa gari yana iya samun wutarsa ba tare da dogon layi ba. Sai dai akwai abin lura. Babu bututun gas da ya isa Barno, saboda haka da manyan motoci ake ɗauko gas ɗin daga Kudu, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Watau an rage dogaro da doguwar waya, an koma dogaro da doguwar hanya, da lafiyar mota, da kuɗin da za a biya mai gas.

Daɗin daɗawa, a watan Oktoba na 2024 an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ya biyo ta Inugu da Makurɗi shi ma ya sami matsala, sai ga mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Abin da ya sami Maiduguri a 2021 ya ɗanɗana wa Kano da Katsina da Bauci.

Dukiyar Da Ke Sauka Daga Sama

Mutanen Barno ba sa bukatar a gaya musu zafin rana. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40. Masana sun auna cewa kowace murabba'in mita ta ƙasar Maiduguri tana samun ƙarfin rana na kimanin kilowat-awa 6 a yini, alhali kuwa garuruwan gaɓar teku irin su Ikko da Fatakwal, saboda yawan hadari da ruwan sama, nasu bai wuce 4 da 'yan kai ba. Damina a Barno gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin duk sarari ne.

Abin da ake kira gonar hasken rana shi ne fili mai faɗi da aka jera wa farantan sola dubbai, layi-layi kamar kunyoyin gero. Idan haske ya sauka a kan farantin sai ya zama wuta nan take, babu tafasa ruwa, babu ƙona mai, babu wani ƙarfe mai juyawa da zai gaji. Daga nan wutar ta bi ta wata na'ura da ke mai da ita irin wadda kayan gida ke sha, sa'an nan taransifoma ta ɗaga ƙarfinta a tura ta cikin gari. Farantin kirki yakan yi shekara 25 yana aiki. Tsakanin 2010 da 2023 kuɗin samar da wuta ta wannan hanya a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, har ya zamana a ƙasashe masu yawan rana tana cikin hanyoyi mafi arha.

Game da fili, akwai ma'auni a kusa. Gonar da aka gina a Kumbotso ta Jihar Kano, kusa da masana'antun Challawa, wadda aka buɗe ran 30 ga Janairu, 2023, tana ba da megawat 10 a kan hekta 24, da faranti sama da 21,000, an kuma kashe mata kimanin dala miliyan 16. Idan aka bi wannan lissafi, gona mai megawat 100 za ta ci hekta 240, watau ƙasa da murabba'in kilomita biyu da rabi, a jihar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 70,000.

Darasi Na Farko: Kyuba Da Matsalar Dare

To, me ya kawo zancen tsibiri? Sau da yawa ƙasar da teku ya kewaye ba ta da maƙwabcin da za ta ja waya daga gidansa. Man da za ta ƙona ma sai jirgin ruwa ya kawo. Idan jirgin ya makara, ko kuɗin ƙasar waje ya yanke, sai duhu. Wannan hali ya yi kama da na Maiduguri ƙwarai, shi ya sa labarin waɗannan ƙasashe ya fi na Jamus ko Amurka amfani ga mutumin Barno.

A ɗauki Kyuba, tsibirin da ke kudu da Amurka, mai mutane kimanin miliyan 10. Tashoshinta na lantarki tsofaffi ne masu ƙona mai, kayan gyara kuwa sun yi mata wuya. Ran 18 ga Oktoba, 2024, a watan da Arewacin Nijeriya ke cikin nasa duhun, babbar tasharsu ta Matanzas ta tsaya, ƙasar baki ɗaya ta ɗauke. Gwamnatin Kyuba ta ɗauki shirin gina gonakin rana 92 kafin ƙarshen 2028, masu ba da megawat 2,000 a jimlace, da taimakon ƙasar Sin. Ba su tara komai a wuri ɗaya ba. Kowace gona ba ta wuce megawat 22 ba, an kuma warwatsa su a lardunan ƙasar. An buɗe ta farko a gefen Habana a watan Fabrairu na 2025, kafin shekarar ta ƙare an buɗe fiye da 30.

Wannan sauri abin koyi ne, gama ya nuna cewa gonar rana aikin watanni ce, ba irin madatsar ruwa mai cin shekara goma ba. Amma duk da haka wutar Kyuba ta sake ɗaukewa gaba ɗaya a watan Maris da kuma Satumba na 2025.  An gina gonakin farko ba tare da isassun batura ba, lokacin da jama'a suka fi bukatar wuta kuwa shi ne bayan faɗuwar rana, sa'ad da kowa ya koma gida ya kunna fitila da fanka. A wannan lokaci farantin sola ba shi da abin bayarwa, nauyi ya koma kan tsofaffin injuna.

Haka abin zai kasance a Gwange da Bulumkutu da Hausari. A lissafin masana, farantin da aka kafa a Maiduguri yana ba da abin da ya yi daidai da awa biyar na cikakken ƙarfinsa a yini. Wannan ya wadatar da mai walda da mai niƙa da famfon tura ruwa, waɗanda aikinsu na rana ne. Amma uwar da ke son fanka a daren Afrilu, da ɗakin tiyata, da firjin ajiye jini da allurar rigakafi, sai da batir. Saboda haka duk wanda ya zo da alkawarin gonar rana, tambayar farko da za a yi masa ita ce: batirinta nawa ne, kuma awa nawa zai riƙe bayan magariba? A nan ne tashar gas ta NNPC za ta fi amfani, domin idan rana ta ɗauki nauyin yini, gas ɗin da ake jigila da wahala sai a tanade shi domin dare.

Darasi Na Biyu: Filifin Da Maganar Mai Saye

Filifin ƙasa ce mai tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. A watan Nuwamba na 2024 Shugaba Ferdinand Marcos ƙarami ya aza harsashin wata gona da ake kira Terra Solar a lardunan Nueva Ecija da Bulacan, arewa da Manila. An tsara ta a kan megawat 3,500 na faranti, da batura masu riƙe megawat-awa 4,500, a fili mai hekta 3,500. Mai sauraro ya lura cewa tun daga takardar zane aka haɗa faranti da batir.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne, kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya, kamfanin da ke rarraba wuta a Manila ya riga ya sa hannu cewa zai sayi megawat 850 har tsawon shekara 20. Da wannan takarda aka je banki aka karɓo rance. Ɗan kasuwar da ke loda shanu daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri ko bandar kifi daga Tashar Baga ya san wannan ƙa'ida sarai: ba a cika tirela sai an san wanda zai karɓa a Ikko, an kuma san yana biya.

A nan ne Nijeriya ta taɓa yin tuntuɓe. A watan Yuli na 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina gonakin rana masu megawat 1,125, mafi yawansu a Arewa, ciki har da mai megawat 75 a Kankiya ta Jihar Katsina da mai megawat 100 a Ganjuwa ta Jihar Bauci. An yi ciniki a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane kilowat-awa. Daga baya gwamnati ta ga farashin ya yi tsada ta nemi a rage, aka kuma kasa daidaitawa a kan takardar lamunin da bankuna ke nema. Shekaru suka shuɗe ba a gina ko ɗaya ba. Rana ba ta ragu ba a Kankiya, ilmi bai gagara ba, abin da ya kashe aikin shi ne rashin tabbacin wanda zai biya.

Wannan darasi ya shafi talaka kai tsaye. Kamfanin rarraba wuta na Yola, wanda ke kula da Barno da Yobe da Adamawa da Taraba, ba zai iya biyan mai gona ba sai idan shi ma ana biyansa. Jama'a kuwa ba za su biya da daɗin rai ba muddin ana kawo musu takardar kuɗi ta ƙiyasi a watan da ba su ga wuta ba. Maganin wannan rigima shi ne mita a kowane gida da kowane shago, a daina satar jona waya, ma'aikatun gwamnati kuma su riƙa biyan nasu a kan kari.

Darasi Na Uku: Indunusiya Da Maganar Fili

Tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya yana ɗauke da mutane sama da miliyan 150, kowane taku na ƙasarsa kuma shinkafa ce ko gida. Da suka tashi gina babbar gonar rana, sai suka aza ta a kan ruwan madatsar Cirata, farantan suna yawo a kan robobi masu iyo. Shugaba Joko Widodo ya buɗe ta a watan Nuwamba na 2023, tana da ƙarfin megawat 192, an gina ta ne da haɗin gwiwar kamfanin lantarkin ƙasar da kamfanin Masdar na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ba a ƙwace gonar kowa ba, sanyin ruwa yana taimakon farantan, inuwarsu kuma tana rage ƙafewar ruwan.

Wani zai ce ai Barno ba ta da ƙarancin ƙasa. Gaskiya ne, amma ƙasar da ake iya zuwa cikin kwanciyar hankali ba ta da yawa. Gonar rana dole ta kasance kusa da gari, inda jami'an tsaro za su iya kare ta. Wannan kewayen garin kuwa, a ƙananan hukumomin Jere da Konduga da Mafa, shi ne inda manoman da rikici ya raba da ƙauyukansu suke samun ɗan abin shukawa. Fadamar Jere rumbun shinkafa ce, bai kamata a taɓa ta ba. A nemi faƙo da tudun da ba ya noma, a zauna da bulamai da lawanai, a rubuta diyya a fili, ko kuma a karɓi filin haya yadda mai shi zai riƙa samun rabonsa kowace shekara. Idan an ɗaga farantan sama kaɗan, tumaki suna iya kiwo a ƙarƙashinsu, kamar yadda ake yi a ƙasashe da dama.

Haka kuma kada a manta da ran 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya mamaye babban ɓangare na birnin. Duk inda wannan ruwa ya kwanta ba wurin aza taransifoma da batura ba ne.

Ba Baƙon Abu Ba Ne A Wannan Yanki

Kada a ɗauka sai an ƙetare teku za a ga misali. A watan Satumba na 2019 aka buɗe tashar Jami'ar Bayero ta Kano mai megawat 7.1, wadda ta haɗa faranti da batura da janareton ko-ta-kwana. A Maiduguri kanta, Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, da rancen Bankin Duniya, ta gina gona mai megawat 12 domin Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta.

A Jamhuriyar Nijar, an buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, sa'an nan aka ƙaddamar da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a watan Yuli na 2023. A ƙarshen wannan watan soja suka yi juyin mulki, Nijeriya ta katse wutar da take ba su, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da suke sha. Nijar ta wayi gari ita ma ta zama tsibiri. Da Gorou Banda ta fara aiki a watan Nuwamba, mutanen Yamai suka sami sauƙi a fili.

Ta fuskar doka ma an share hanya. Gyaran tsarin mulki na watan Maris, 2023, da Dokar Lantarki ta watan Yuni na wannan shekarar, sun ba kowace jiha ikon samar da wuta da jigilarta da rarraba ta a cikin iyakarta. Jiha ba ta da sauran hujjar cewa tana jiran Abuja.

Wahalolin Da Ba Za A Ɓoye Ba

Akwai ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris buji yakan lulluɓe faranti ya rage musu ƙarfi, dole a riƙa share su akai-akai, a garin da ruwa ke da tsada. Wannan nauyi ne, amma kuma aiki ne ga matasa. Akwai zafi, gama farantin sola haske yake so, idan ya ɗau zafi da yawa ƙarfinsa yakan ragu, batir ma sai an ajiye shi a ɗaki mai sanyi. Akwai tsadar dala, tun da yake mafi yawan kayan daga ƙasar Sin ake shigo da su.

Akwai kuma tsaro. Ba wanda zai rantse cewa ba za a kai wa gonar rana hari ba. Bambancin shi ne, kare fili mai shinge a bakin gari ya fi sauƙi a kan kare ɗaruruwan turaku a tsakiyar daji. Turke ɗaya idan ya faɗi gari duka ya mutu, amma layin faranti ɗaya idan ya lalace sauran suna ci gaba da aiki. Shi ya sa tsarin Kyuba na gonaki matsakaita a wurare dabam-dabam ya fi dacewa da Maiduguri: huɗu ko biyar a kusurwoyin gari, kowace da batirinta, a fara da tashar tace ruwa da asibitoci da kasuwanni da unguwar masana'antu.

Wahala mafi girma kuwa ita ce riƙo. Dattawan Barno suna tuna aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi, wanda aka ƙaddamar a shekarun 1970, da manyan famfuna da tashar lantarkinsa a Sabon Marte. Da fari ya zo a shekarun 1980 tafkin ya ja da baya, magudanun suka bushe, aikin bai kai inda aka yi fata ba. Rana dai ba za ta ja da baya ba, amma na'ura tana ƙonewa, batir yana tsufa. In ba a ware kuɗin gyara tun ranar farko ba, ba a kuma horar da 'yan gida ba, bayan 'yan shekaru sai a tarar da ƙarafa a fili awaki na kwana a ƙarƙashi.

Rabon Mazauna Kudu

To, ina rabon wanda ke sayar da albasa a Mile 12, ko mai gadi a Ikoyi, ko mai goro a Shagamu, a cikin wannan babban aiki? Rabonsa huɗu ne.

Na ɗaya, bakinsa. Mazaunin Kurmi yana da daraja a gida, idan ya je hutun salla ana sauraronsa. 'Yan siyasa na kowace jam'iyya suna zuwa neman goyon bayan ƙungiyoyin 'yan Arewa. Idan sun zo da zancen sola, a yi musu tambaya biyar: megawat nawa, batir na awa nawa, filin wane ne kuma an biya shi, wa zai sayi wutar kuma a kan nawa, wa zai yi gyara bayan an yanke ƙyalle an watse? Wanda ya kasa amsa waɗannan bai shirya ba tukuna.

Na biyu, filinsa. Wanda ke da gonar gado a kewayen Maiduguri kada ya yi gaggawar sayarwa ta wayar tarho don wani dillali ya ce kamfani na zuwa. Ya nemi ganin takarda, ya shawarci 'yan'uwa, ya tambaya ko akwai hanyar haya.

Na uku, ɗansa. Kowace gona tana bukatar masu haɗa waya da masu duba na'ura da masu kula da batir. Kwalejin Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri suna koyar da aikin lantarki, a nan Ikko ma akwai ɗimbin masu sana'ar sola da yaro zai zauna a ƙarƙashinsu ya koya. Yaron da ya iya wannan sana'a ya fi wanda aka saya wa babur ɗin acaɓa madogara, musamman da yake tun 2022 aka hana acaɓa a manyan sassan Ikko.

Na huɗu, adashinsa. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tayar da janareto ya ninka. Ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ke tara kuɗi domin biki da jana'iza tana iya ware wani abu ta sa wa rijiyar burtsatsen unguwarsu famfo mai aiki da rana, ko ta haska ɗakin haihuwa na asibitin ƙauyensu. Sai dai a sayi kaya masu takardar garanti, a kuma ɗauki ma'aikacin da aka san aikinsa, gama jabun faranti da tsohon batir da aka yi wa fenti sun cika kasuwa. Ƙananan ayyuka irin waɗannan ba za su maye gurbin babbar gona ba, amma su ne ke koya wa jama'a darajar abin, su kuma samar da ma'aikatan da babbar za ta ɗauka.

Jama'a, babban layin ƙasa yana da amfaninsa, ya kuma wajaba a ci gaba da gyara shi da tsare shi. Amma 2021 ta nuna cewa birni kamar Maiduguri ba zai rataye rayuwarsa a kan waya ɗaya ba. Kyuba ta nuna saurin gini da haɗarin mantawa da dare, Filifin ta nuna cewa sai da mai saye ake samun mai gini, Indunusiya ta nuna yadda ake kauce wa gonar talaka, Kumbotso da Gorou Banda kuma sun nuna cewa abin yana yiwuwa a wannan ƙasa mai ƙura da zafi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha da ta tarayya da 'yan kasuwa su zauna su rubuta yarjejeniyar da za ta ɗore, jama'ar gida da na Kurmi kuma su sa ido har a ga wuta a Gwange bayan sallar isha'i.

Allah ya zaunar da Barno lafiya, ya mai da kowane matafiyi gida da alheri.